Yadda Za Ka Ɗaga Ƙarfe Tun Daga Yau Har Tsufa

Yawancin masu ɗaga ƙarfe ba tsufa ne ke raba su da ƙarfen ba. Kafaɗa ce ke raba su, ko ƙugu, ko wani tsari mai cin kwana shida a mako wanda aure da aiki da hidimar yara suka rushe cikin wata guda. Mutum ya yi shekara uku yana wuta, ya yi shekara ashirin bai taɓa ko kilo ɗaya ba, sai ka gan shi da shekara sittin yana dafa gwiwa kafin ya miƙe daga kujera, yana ba da labarin nauyin da ya taɓa ɗagawa. Wanda za ka tarar yana ɗaga ƙarfe da shekara saba'in da biyar kuwa, galibi mutum ne da bai taɓa burge kowa a gidan motsa jiki ba. Yana zuwa sau biyu ko uku a mako, yana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, yana ajiye ƙarfen tun da sauran ƙarfinsa. A kan halin wannan mutumin aka gina duk matakan da ke tafe, kuma mace da namiji duk hanyarsu ɗaya.

Ga abin da ya sa wahalar ta cancanta. Daga wajen shekara 30, tsokar mutumin da ba ya ba ta aiki takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan 60 kuma ragin yana ƙara sauri. Ƙarfi ya fi girman tsokar saurin zubewa, zafin nama kuma ya fi su duka. Zaren tsoka iri biyu ne: akwai masu juriya, waɗanda tafiya da tsayuwa ke aiki da su, akwai kuma masu saurin amsawa, waɗanda ba sa farkawa sosai sai an ɗauki abu mai nauyi ko an yunƙura da sauri. Na biyun tsufa ke fara ci, kuma su ne ke jefa ƙafa gaba cikin ƙiftawar ido idan mutum ya yi tuntuɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Tafiyar ƙafa magani ce ga zuciya, amma ita kaɗai ba ta isa ta riƙe wannan irin zaren ba.

Mai ganin ya makara kuma ya ji wannan. A 1990 likita Maria Fiatarone da abokan aikinta na Jami'ar Tufts suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan kula da tsofaffi a Boston, Amurka. Mutum goma ne, shekarunsu daga 86 zuwa 96, duk jikinsu ya yi rauni. Aka sa su miƙe ƙafa da nauyi sau uku a mako har mako takwas. Tara suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. Abin lura shi ne nauyin da aka ba su: kashi 80 cikin ɗari na iyakar abin da kowannensu zai iya ɗagawa sau ɗaya. Ba a lallaɓa su da ƙarfen kilo ɗaya ba, irin wanda ake miƙa wa tsoho don a ce an yi.

Mataki na farko: a duba ka

Idan ka haura 40 kuma ka daɗe ba ka motsa jiki ba, a auna jininka da sukarinka kafin ka fara. Hawan jini da ake shan magani ya daidaita ba ya hana ɗaga ƙarfe, wanda bai daidaita ba ne ke jira. Ka nemi shawarar likita tukuna idan kana da ciwon zuciya, ko ciwon suga da ya taɓa ido, ko gwaiwa, ko an yi maka aiki kwanan nan, ko ƙashin bayanka ya taɓa karyewa saboda raunin ƙashi. Kada ka tambaye shi ko za ka iya motsa jiki, domin amsar ba za ta wuce "a hankali" ba. Ka ce masa za ka riƙa tsugunno da nauyi, kana ɗauka daga ƙasa, kana turawa sama, wanne ne zai hana ka, kuma har yaushe?

Alamomin da ke tsayar da atisaye nan take, ko da shekararka nawa: nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke bin hannu ko haɓa, jiri, numfashin da ya ƙi dawowa bayan an huta, da ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya. Waɗannan na asibiti ne.

Mataki na biyu: ka san inda kake

Sami kujera marar hannu mai tsayin kamar santimita 43, ka jingina ta da bango. Zauna, ka harɗe hannuwa a ƙirji, wani ya riƙe maka agogo. Ka ƙirga sau nawa za ka miƙe tsaye sosai ka koma ka zauna cikin daƙiƙa 30. A ma'aunin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, namiji mai shekara 60 zuwa 64 da bai kai 14 ba, ko mace da ba ta kai 12 ba, yana ƙasa da tsaransa. Sannan ka tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango ka ga ko za ka kai daƙiƙa goma a kowace ƙafa. Ka kuma zauna a ƙasa ka tashi, ka lura da wurare nawa ka dafa. Rubuta duka da kwanan wata a littafin da za ka riƙa rubuta atisayenka, ka sake gwadawa bayan wata uku.

Mataki na uku: motsi shida, ka iya su da kyau

Ba ka buƙatar motsi ashirin. Jiki aiki kaɗan yake yi da nauyi: ya tsuguna ya tashi, ya ɗauka daga ƙasa, ya tura, ya jawo, ya ɗauka ya yi tafiya, ya hau mataki. Wanda ya riƙe waɗannan ya taɓa kusan kowace babbar tsoka.

Tsugunno. Fara da kujerar nan. Buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje. Tura ɗuwawu baya ka sauka a hankali kana ƙirga uku, ka taɓa kujerar kawai ba tare da ka saki nauyinka a kanta ba, sannan ka danna ƙasa da dukan tafin ƙafa ka miƙe. Abu biyu za ka sa wa ido: diddige kada ya bar ƙasa, gwiwoyi kada su faɗo ciki su kusanci juna, su bi layin yatsun ƙafa. Idan ka yi sau 15 ba wahala, ɗauki dambel ɗaya, wato gajeren ƙarfe mai nauyi a kowane gefe, ka rungume shi a ƙirji da hannu biyu, gwiwar hannu na kallon ƙasa. Nauyin da ke gaba shi zai sa gadon bayanka ya miƙe da kansa, shi ya sa wannan ya fi ɗora doguwar sandar ƙarfe a wuya dacewa da mai farawa. Daga baya ka sauya kujera da abin da ya fi ta gajarta, har ka cire ta gaba ɗaya. Zurfin da gwiwarka ta yarda da shi yau ya isa, zai ƙaru.

Ɗauka daga ƙasa. Wannan ne mutane suka fi tsoro, kuma shi ne suka fi yi a rayuwarsu ba tare da sun koya ba. Sirrinsa lanƙwasawa daga ƙugu, baya na miƙe. Ka ba bango baya, tsakaninku tazarar tafin ƙafa ɗaya. Sassauta gwiwa kaɗan, ka tura ɗuwawu baya har ya taɓa bangon, ƙirji na sunkuyowa gaba. Za ka ji bayan cinya ya ɗaure, to wurin da ake nema ke nan. Don ka tabbatar bayanka bai lanƙwashe ba, riƙe doguwar sanda a bayanka ta taɓa wuri uku: ƙeya, tsakanin kafaɗu, da ƙarshen ƙashin baya. Duk lokacin da ɗaya ya rabu da sandar, ka karya. Ka yi wannan kwana da kwanaki kafin ka taɓa nauyi. Sa'an nan ka ajiye nauyin tsakanin ƙafafunka, a kan wani abu da zai ɗaga shi zuwa tsakiyar ƙwabri ko kusa da gwiwa. Riƙe shi, ja numfashi zuwa ciki, ɗaure cikinka, ka tura ƙasa da ƙafa har ka miƙe, nauyin na goga jikinka. A sama ka tsaya cak, ban da ƙara gantsarewa baya. Ka mayar da shi ta hanyar da ka ɗauko shi. Nauyin da ya yi nisa da jiki da taƙi ɗaya ya fi wahalar da ƙugu sosai a kan wanda ke manne da ƙafa, kuma yawancin ciwon bayan da ake ɗora wa wannan motsi daga nan yake, ko daga fizga. Babu dokar da ta ce sai daga ƙasa tukuna za a ɗauka. Mai dogayen ƙafafu ko mai taurin ƙugu zai iya shekara da shekaru yana ɗauka daga kan ɗan tudu, amfanin bai ragu ba.

Turi. Dafa bango da hannu biyu, jiki a miƙe daga kai zuwa diddige, ka kai ƙirji kusa da bangon ka tura. Idan ya yi sauƙi ka koma gefen tebur mai ƙarfi, sannan benci, sannan ƙasa. Gwiwar hannu kada ta buɗe ta yi daidai da kafaɗa, ta ɗan kusanci haƙarƙari. Turawa sama kuma da dambel ya fi, tafin hannu na kallon juna. Idan kafaɗa na tsunkulinka a sama, ka tsaya a inda ba ta yi, ko ka kishingiɗa a benci ka tura a karkace. Saukar da sandar ƙarfe bayan wuya, ka bar wa masu gasa.

Ja. Dafa benci da hannu ɗaya, ka sunkuya baya a miƙe, ka jawo dambel da ɗaya hannun zuwa wajen ƙugu, ka ɗan riƙe, ka sauke a hankali. Igiyar roba da aka ɗaura a ƙofa ma tana yi. Ka yi ja aƙalla daidai yawan turin da kake yi. Matasa na son tsokar da madubi ke nunawa, su bar ta baya, kafaɗa ce kuma ke biyan bashin daga baya.

Ɗauka da tafiya. Nauyi a kowane hannu, kai sama, kafaɗa a sake, ka yi taku 30 zuwa 40, ka ajiye da irin lanƙwasawar da ka koya. Wani lokaci ka ɗauka a hannu ɗaya kawai, ka hana jikinka karkata. Yana gina riƙo, da ciki, da daidaiton tafiya a lokaci guda. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015, a kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya gano cewa duk ragin kilo 5 a ƙarfin damƙa yana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin ɗari. Kada wannan ya sa ka sayi abin matsawa a hannu ka ce ka sami tsawon rai. Damƙar alama ce ta ƙarfin dukan jiki.

Hawa mataki. Ɗora ƙafa ɗaya a matakala, ka hau da ƙarfin ita wannan ƙafar ba tare da ta ƙasan ta yi tsalle ba, ka sauko a hankali. Saukowar ce aikin. Ka haɗa da ɗaga diddige kana dafe da bango.

Game da kaya, duk abin da za a iya ƙara wa nauyi daki-daki ya yi. Injinan gidan motsa jiki ba abin raini ba ne, musamman ga wanda daidaitonsa ya yi rauni. A gida, dambel mai sauya faifai ya fi komai amfani, jarka mai hannu ma tana aiki, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka san abin da ka ɗauka ka san abin da ka ƙara. Sandar ƙarfe ta gasa ita kaɗai kilo 20 ce, ta mata kilo 15, don haka ba lallai da ita za a fara ba.

Mataki na huɗu: nauyi nawa, sau nawa

Zaɓi nauyin da za ka ɗaga sau 8 zuwa 12 a jere da tsari mai kyau. Wannan jerin shi ne zubi ɗaya. Yi zubi biyu na kowane motsi, ka huta kamar minti biyu tsakani, bayan wata biyu ka mai da su uku a manyan motsin. A mako biyun farko ka ɗauki abin da ya yi maka sauƙi har kana jin kunya, domin koyon motsin ake yi.

Bayan nan sai dokar da ta fi kowace muhimmanci a wannan rubutu: ka ajiye ƙarfen alhali kana jin za ka iya ƙara biyu. Idan za ka iya ƙara takwas, wasa kake, tsokar ba ta sami dalilin canzawa ba. Idan kuma sai da fuskarka ta murɗe, bayanka ya lanƙwashe, ka fizgo na ƙarshe da ƙyar, ka ci bashin da gaɓoɓi za su biya. Ribar da ke cikin ɗagawa biyun ƙarshen nan kaɗan ce, haɗarinsu da gajiyarsu kuma sun fi na sauran duka. Yadda za ka gane ka zo wurin: ƙarfen zai fara tashi a hankali ba da sonka ba. Da ka ji saurinsa ya ragu sosai, ka tsaya.

Sauke nauyi a hankali, daƙiƙa biyu zuwa uku. Ɗagawa kuwa ka yi ta da niyyar sauri, ba tare da fizga ba. Ko nauyin bai tashi da sauri ba, niyyar ce ke kiran zaren nan masu saurin amsawa, kuma wannan ya fi muhimmanci yayin da shekaru ke ja.

Numfashi: ja iska kafin ka fara, ka fitar yayin da kake kan wahalar ɗagawa. Riƙe numfashi ana yunƙuri yana harba hawan jini sama na ɗan lokaci. Masu gasa na yin haka da gangan, amma mai hawan jini ko wanda ya manyanta ya riƙa ƙirgawa da baki, domin mai magana ba ya riƙe numfashi.

Kafin duk wannan, minti biyar na tafiya mai sauri ko keke, sannan zubi ɗaya ko biyu na motsin farko da rabin nauyi. Ɗan shekara ashirin zai tsallake wannan ya kwana lafiya. Ɗan hamsin ba zai daɗe yana tsallakewa ba.

Mataki na biyar: ƙari, da littafi

Tsoka ba ta ƙaruwa sai an nemi fiye da abin da ta saba. Likitan sojan Amurka Thomas DeLorme ne ya kafa wannan a fannin jinya a shekarun 1940, lokacin da ya riƙa farfaɗo da sojojin da suka ji rauni ta hanyar ƙara musu nauyi daki-daki, kuma daga aikinsa ne tsarin zubi uku na sau goma-goma ya yaɗu.

Ga yadda za ka yi. A ce kana tsugunno da kilo 10, ka sami 8 da 8. Zuwa na gaba ka nemi 9 da 8, sannan 10 da 9, haka har ka sami 12 da 12 da sauran biyu a jikinka, sau biyu a jere. Sai ka koma kilo 12, adadin ya faɗo 8, ka sake hawa. Motsin ƙafa na ɗaukar ƙarin kilo 2 ko fiye, na hannu da kafaɗa kilo ɗaya ko rabi ya isa. Ƙananan faifai na rabin kilo sun fi manyan daraja ga mai niyyar daɗewa.

A watannin farko za ka ga ƙarfi na hauhawa har ka yi mamaki. Yawancinsa ƙwaƙwalwa ce ke koyon kiran tsokar, kuma a nan tarkon yake. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi jininsu kaɗan ne, sun fi tsoka jinkirin ƙarfafa, don haka akwai lokacin da tsoka za ta iya abin da gwiwar hannu da kafaɗa ba su shirya masa ba. Ko kana jin za ka iya tsallake mataki biyu, ka hau ɗaya. Duk mako shida zuwa takwas kuma ka yi mako guda da rabin aikin da ka saba, tun kafin jiki ya tilasta maka.

Littafin ba ado ba ne. Kwanan wata, motsi, nauyi, adadi, da kalma biyu kan yadda jiki ya ji. Bayan shekarar farko ƙari zai yi jinkiri har ba za ka gan shi ba sai a takarda, kuma a takardar za ka gano cewa ciwon kafaɗar nan ya fara ne mako biyu bayan ka sauya wani motsi.

Mataki na shida: tsara mako

Kwana biyu, misali Litinin da Alhamis, minti 40 zuwa 50, duk motsi shidan a kowace rana. Mai lokaci ya yi uku, da aƙalla kwana ɗaya tsakani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce babba ya ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ya kuma yi minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici kamar tafiya mai sauri. Wanda ya kai 65 ya haɗa da atisayen daidaito da ƙarfi aƙalla kwana uku. Daidaiton ba ya buƙatar wuri: tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin dafawa, da tafiya diddige na taɓa yatsu a kan layi.

Ka zaɓi tsarin da za ka iya riƙewa a makon da ya fi kowane cunkushewa. Ranar da ba ka da lokaci ko kuzari, yi tsugunno da ja da turi, zubi ɗai-ɗai, ka tafi. Minti goma sha biyar ne.

Mataki na bakwai: ka iya karanta ciwo

Tsamin jiki da ke zuwa washegari, ya yi tsanani a kwana na biyu, ya wuce cikin kwana uku ko huɗu, ba komai ba ne, kuma yana raguwa da sabo. Ba kuma shi ne shaidar an yi aiki ba. Ciwon da ake tsoro shi ne mai suka a wuri ɗaya cikin gaɓa, ko mai zuwa da kumburi, ko mai sauka ƙafa da dindiris ko rauni, ko mai tashinka daga barci.

Tsakanin waɗannan akwai ƙorafin yau da kullum na gwiwa da kafaɗar da suka sha shekaru. Ma'aunin da likitocin gashin ƙashi ke yawan bayarwa shi ne, idan ciwon bai wuce uku cikin goma ba, kuma ya koma yadda yake kafin kwana ɗaya, a ci gaba. Idan ya wuce, kada ka bar atisayen ɗungurungum. Rage nauyi, ko rage zurfi, ko sauya riƙo, ko sauya motsin da ɗan'uwansa, sauran jiki kuma ya ci gaba da aikinsa. Mai amosanin gwiwa na yawan zaton hutu ne maganinsa, alhali ƙarfafa cinya na cikin abubuwan farko da likitoci ke ba shi. Ciwon da ya yi mako biyu bai sauka ba duk da gyare-gyaren nan, a kai shi a duba.

Mataki na takwas: abinci da barci

Jikin tsoho ba ya amsa furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, kamar na yaro, sai an ƙara masa. Ƙa'idar manya ita ce giram 0.8 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, amma masana abincin tsofaffi na ba da shawarar giram 1.0 zuwa 1.2 ga wanda ya haura 65, mai atisaye kuma 1.2 ko sama da haka. Mai kilo 70 ke nan zai nemi wajen giram 84. A raba shi cikin ci uku, kowanne giram 25 zuwa 30, ya fi a tara shi da dare. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6, dafaffen nama ko kifi giram 100 na da 20 zuwa 30, madara da dangin wake su cika sauran. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara sai da izinin likitansa.

Barci awa bakwai ko fiye, domin a nan ake gyaran abin da aka wahalar. Mai neman rage ƙiba ya rage a hankali yana ɗaga ƙarfe, in ba haka ba tsoka za ta tafi tare da kitsen. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka kuwa, suna ɗaga hawan jini, su ɓata kitsen jini, su kaurara zuciya, su kashe sinadarin gina tsoka da jiki ke samarwa da kansa. Mai lissafin shekara arba'in masu zuwa ba shi da abin yi da su.

Abin da ke sauyawa da shekaru

Daga ashirin zuwa arba'in lokacin tari ne, tsoka da ƙashin da ka gina yanzu su za a riƙa ci daga baya. Abokin gabarka a nan gasa ce da na kusa da kai. Daga arba'in zuwa sittin ƙarfi na nan, murmurewa ce ke jinkiri: ƙara ɗumama jiki, rage gwada iyakar abin da za ka ɗaga sau ɗaya, ka yarda ka sauya motsin da gaɓa ta ƙi. Ba a daina ƙaruwa a wannan zangon ba. Ernestine Shepherd ta birnin Baltimore a Amurka ta fara da shekara 56, a 2010 kuma kundin Guinness ya sa ta a matsayin macen da ta fi tsufa a gasar gina jiki.

Mata bayan ɗaukewar al'ada ƙashinsu na zaizayewa da sauri, kuma an daɗe ana hana su nauyi don tsoron karaya. A Jami'ar Griffith ta Ostireliya, Farfesa Belinda Beck da tawagarta sun sa mata masu raunin ƙashi ɗauka daga ƙasa da tsugunno da turawa sama da nauyi mai yawa, minti 30 sau biyu a mako har wata takwas. Ƙashin bayansu ya ƙara kauri, na waɗanda aka bar su da atisaye mai sauƙi a gida kuma ya ragu. Amma kowane zama da ƙwararre a kansu, kuma sai da aka koya musu motsin da nauyi kaɗan tukuna. Mai raunin ƙashi ta nemi irin wannan kulawar, ta kuma guji lanƙwasa gadon baya ko murɗa shi da kaya a hannu.

Bayan saba'in, ƙafa da daidaito da zafin nama ne kan gaba. Miƙewa daga kujera da sauri da zama a hankali, hawa mataki, ɗauka da tafiya, da sauka ƙasa a tashi sau biyu ko uku kusa da abin dafawa. Mai shan maganin hawan jini ya tashi daga kwance daki-daki saboda jiri. Nauyin zai ragu da shekaru ko ka so ko ka ƙi, amma dokar saura biyu tana nan yadda take.

Komawa bayan an tsaya

Za ka tsaya. Zazzaɓi, tafiya, jinya, rasuwa, aiki. Idan tsaikon na rashin lokaci ne, zama ɗaya a mako da nauyin da ka saba yana riƙe mafi yawan ƙarfinka na tsawon watanni, don haka ka rage yawan zubi, kada ka rage nauyin. Kwanciya ce mai ɓarna. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2007, tsofaffi lafiyayyu da aka kwantar kwana goma sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Saboda haka da zarar likita ya ba da izini, a fara miƙewa daga bakin gado ana zama, ko sau biyar ne, sau da yawa a yini.

Ranar da ka dawo ga ƙarfe, buɗe littafinka ka duba nauyin ƙarshe. Idan mako biyu zuwa uku ka yi, cire kashi ɗaya cikin biyar. Idan ya kai wata biyu ko ka yi jinya, fara da rabi, zubi ɗaya ko biyu, ka riƙa ƙara kamar kashi goma cikin ɗari kowane mako. Tsokar da aka taɓa ginawa ta fi sabuwa saurin dawowa, jijiyoyin ne ba sa sauri, don haka ko ka ji rabin ya yi maka sauƙi a ranar farko, ka ƙarasa makon a kansa kafin ka ƙara.